Ruwan da Ya Zo Ba Hadari

Samarin tasharmu ta Ɗanbatta sun ɗauka tuƙi shi ne ka riƙe sitiyari da hannu ɗaya, ɗayan yana lilo a waje, kana danna hon ana dare maka hanya. Yaro zai koyi mota a filin ƙwallo ranar Asabar, kafin sati ya zagayo ka gan shi ya sa mota a layi yana jiran lodi. In na yi magana sai su ce, "Baba Habu, ai motocin yanzu su suke tuƙa kansu." To madalla. Ni dai na tsufa a kan wannan kujera, ban taɓa ganin motar da ta fitar da kanta daga rami ba.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shi ne riƙon waiji, wato guntun icen da ake tokare taya da shi. Ubangidana marigayi Malam Isa yana da wata tsohuwar a-kori-kura da muke kwasar gero da gyaɗa daga kasuwannin ƙauye, birkinta kuma sai ya ga dama. Da ya tsaya a gangare zan diro da gudu in cusa icen nan, in na makara mota ta fara sulalewa, in sha ranƙwashi. Daga nan aka ƙara mini girma zuwa wanki, sannan lodi. Lodi ilimi ne. Buhu mai nauyi yana ƙasa kuma yana gaba, manja ba ya maƙwabtaka da gari, akuya kuma ba a ɗaure ta kusa da buhun wake. Ranar da Malam Isa ya fara miƙo mini makulli, cewa ya yi in yi baya da motar daga bakin kasuwa har gindin tsamiya. Na daɗe ina tuƙin baya kafin a yarda in ga gabana.

Kayan aikin da ya bar ni da su har yau ba na fita babu su: jek, sifana, safaya mai iska, galan na ruwa saboda lagireto, igiya mai kauri, shebur, da katako biyu. Samari suna yi wa shebur ɗin dariya, wai ko kabari zan haƙa a hanya. Wanda ya taɓa kafewa a yashin hanyar Makoda da tsakar rana, da mata da jarirai a bayansa, shi ba ya wannan dariyar.

Akwai wata Hajiya mai kaji da nake ɗauka duk ranar kasuwa. Ba ta taɓa shiga motata ba ta zagi tuƙina ba, ba ta kuma taɓa shiga motar wani ba. Fasinjan ƙauye haka yake. Zai yi cinikin kuɗin mota kamar zai sayi sa, amma ranar da ka kai matarsa asibiti tana naƙuda ba ka tsaya lissafi ba, da kaka sai ka ga damin gero a ƙofar gidanka. Amarya ta shiga motata, gawa ma ta shiga, kowacce da irin gudun da ake yi mata.

Mummunar shekarata ita ce wadda fari ya haɗu da wahalar mai. Manomi bai samu abin kaiwa kasuwa ba, ni kuma in na samu fasinja ba mai, in na samu mai ba fasinja. Bas ɗina ta zauna a ƙofar gida har kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinta ta ƙyanƙyashe. Abin da ya riƙe gidana a shekarar nan shi ne 'yar gonar da na gada a bayan gari. Ko ba ta ba da gero ba, ta ba da wake da harawa, na sayar na ci. Ku riƙe wannan, don a kansa labarin Sule yake.

Sule sa'ana ne, tare muka yi yaran mota. Ya fi ni hannu, wannan ba na musu. Ya daɗe yana ja wa mutane, kullum sai ya kai wa mai mota balas, har ya gaji ya ce shi ma sai ya ja tasa. Sai ya sayar da gonarsa ta gado, wadda take bakin titi, ya sayo farar bas 'yar Kwatano. Kun san yadda ƙasarmu take, gona tana jingine da gona, gida yana jingine da gida, in ka saki taka ba ta dawowa. Mun yi masa magana, ya ce, "Habu, gona sau ɗaya take haihuwa a shekara. Wannan kullum za ta haihu." Da mata da 'ya'ya a gidansa, duk abincinsu ya koma kan tayoyi huɗun nan.

Tafiya mafi nisa da na taɓa yi, tare da shi muka yi ta, motarsa ba ta fi wata biyu a hannunsa ba. Wani ɗan garinmu da yake fataucin shanu a wani birni na bakin teku, can gaba da Kwatano da Lome, zai aurar da ɗansa, ya aiko a kawo masa dangi. Aka yi shatar mota biyu, tawa da ta Sule, maza zalla, yawancinsu manoma da ba su taɓa wuce Zariya ba. Shugaban tafiyar shi ne Baba Tanimu, wan mahaifin angon. Dattijo ne da ake ji da shi wajen sanin sama. In ya fito da safe ya ɗaga kai ya ce kada a yi shuka da ruwan nan, ba mai shukawa. In ya ce a janye dabbobi daga rafi yau za a yi ambaliya, to a janye. Ni ban taɓa ganin ya faɗa ta tashi ba.

Aka ɗaura aure lafiya. Washegari masu gida suna can cikin hidimar biki, mu kuma ba mu da aiki, sai Baba Tanimu ya ce tunda Allah Ya kawo mu, a je a ga teku, kada a koma gida a ce an zo bakin rijiya ba a leƙa ba. Babu ɗan gari ko ɗaya da ya bi mu. Aka dai kwatanta mana hanya, muka ɗau motoci muka fita da sassafe.

Mun sha kallo. Muka fara da kasuwar kifi, inda muka ga kifin da mutum biyu suke ɗauka a sanda. Muka tsaya ta bayan waya muna kallon jiragen ruwa a tasharsu, wani a cikinmu ya rantse ɗaya daga ciki ya fi unguwarsu tsawo. Aka fasa mana ɗanyar kwakwa muka sha ruwanta. Da muka isa bakin tekun kansa kowa ya ɗauki salati. Can wani ya ɗebo da hannu ya kai baki, ya tofar yana cewa, "Wannan ai ko akuya ba za ta sha ba!" Duk da haka kowa ya cika gora zai kai wa iyali tsaraba.

Da hantsi ya ɗaga muka isa wurin da aka fi kwaɗaita mana, wata tsohuwar ganuwar Turawa fara tas a kan wani ɗan tsibirin dutse. Tsakaninta da gaɓa akwai shimfiɗar yashi mai faɗi, mai tauri, mutane suna bi a ƙafa. Da ɗan nisa, rana kuma ta fara zafi, ga shi Baba Tanimu yana fama da gwiwa. Ni na bar motata a kan kwalta, ba don na fi kowa wayo ba, kulocina ne yake santsi, na san ba zai ja a yashi ba. Sule ya sauka ya daddaka yashin da dunduniya, ya ji shi kamar daɓe, ya ce dattawa su shigo. Ya tsallaka da su sumul, mu muka biyo a ƙafa. Ya ajiye motar a gindin dutsen, inda matakala ta fara.

A nan wani mai sayar da kwakwa ya taso. Yana jin Hausa kaɗan-kaɗan, irin ta zango, unguwar Hausawan can.

"Alaji, mota ba ta zama nan," in ji shi. "Ruwa yana zuwa. In rana ta juya, nan duka ruwa."

Sule ya dubi Baba Tanimu. Baba Tanimu ya cire hula, ya ɗaga kai ya duba gabas, ya juya ya duba sauran kusurwoyin a natse, yadda yake yi a gida. Sama fes, ko ɗigon gajimare babu.

"Yaro," ya ce, "yau ba ruwa. Gobe ma ba ruwa."

"Ba na sama ba, Alaji. Wannan." Ya nuna teku.

"To shi wannan ɗin me zai cika shi in ba a yi na sama ba? Ko kogi ne, ai sai an yi ruwa a wani wuri yake kawowa, yanzu kuwa rani ne." Ya mayar da hularsa. "Sule, bar motarka. So yake mu koma can a karɓi kuɗin ajiya."

Aka yi dariya. Ni ma na ɗaga kai na duba, na ga abin da Baba Tanimu ya gani. Ba wai ba mu ji maganar mutumin ba ne. Abin da muka sani ne tun muna yara ya hana ta shiga: ruwa ba ya tashi sai da hadari. Babu ɗaya a cikinmu da ya taɓa jin cewa teku yana cika yana janyewa kullum, rani da damina, ba ruwansa da gajimare.

Ganuwar kuwa ta isa a je ganinta. Kaurin bangonta ya fi tsawon mutum a kwance, ga manyan igwa sun yi tsatsa suna fuskantar ruwa. Mai zagayawa da baƙi ya sauka da mu wasu ɗakuna na ƙasa, masu duhu da ɗoyi, iska sai ta wata 'yar kafa can sama. Ya yi bayani da Turanci, wani malamin firamare da yake cikinmu yana mayar mana. Ya ce a nan ake cusa bayi kafin jirgi ya zo, wasunsu ma daga ƙasashen arewa aka gangaro da su. Ya nuna mana wata ƙaramar ƙofa da take buɗewa kan ruwa, wadda duk wanda ya bi ta bai sake ganin garinsu ba. Baba Tanimu ya dafa bangon ya daɗe, sannan ya ce ba za mu bar wurin nan ba sai mun yi wa mutanen nan addu'a, wataƙila a cikinsu akwai wanda ba a taɓa yi masa ba. Muka hau sama muka yi azahar, muka zauna aka yi ta karanta Ƙulhuwallahu. Bayan nan aka kwance ƙunshin abincin biki aka ci, iska tana kaɗawa, wasu har da gyangyaɗi.

Ni na fara leƙawa ta kan bango. Shimfiɗar yashin da muka biyo ta tsuke, ruwa ya ci ta dama da hagu. Mai kwakwa ya kwashe kayansa, sauran masu yawo duk sun tsallake. Na ƙwala wa Sule kira.

Kafin mu gama sauka matakala ruwa ya kai idon sawu a inda motar take. Sule ya faɗa ciki ya tayar, ya sa giya, ta ɗan matsa sannan tayoyin baya suka fara haƙa. Yashin da yake kamar daɓe da safe ya zama kunu. Na ce ya ɗaga ƙafa daga totur, na durƙusa na sace iskar tayoyin. Muka cire shimfiɗun ƙasan motar muka cusa, muka yayibo ganyen kwakwa, mutane suka kama turi. Duk sanda igiyar ruwa ta zo ta koma, sai ta zare yashin ƙarƙashin taya, motar ta ƙara zama. Shebur ɗina da igiyata da katako suna can cikin motata a kan kwalta. Na tattare wando na keta ruwan da gudu na ɗauko, da zan dawo ya kai mini gwiwa.

Masunta ne suka gan mu suka taso, Allah Ya saka musu. Ba ma jin yarensu, ba sa jin namu, amma igiya ba ta buƙatar tafinta. Aka ɗaura a gaban motar, su da mu muka jeru kamar ranar gayya, babbansu yana ba da waƙa ana amsawa ana ja. Ta motsa, wallahi ta motsa, har mun fara kabbara. Sai wata babbar igiyar ruwa ta zo ta bugi gefenta, ruwa ya shiga salansa, injin ya yi tari ya mutu. Sule ya murɗa makulli har batir ya daina amsawa.

Babban masuntan ya saki igiya, ya nuna dattawanmu, ya nuna kwale-kwale. Wannan ba sai an fassara ba. Aka fara kwashe mutane. Sule ya ƙi fitowa. Yana zaune riƙe da sitiyari, ruwa yana shiga ta ƙasan ƙofa.

"Sule, fito mu tafi," na ce.

"Habu, in tafi ina? Gonata ce wannan."

Sai ga Baba Tanimu, ya ƙi shiga kwale-kwale, ya ratso ruwa har ƙugu da gwiwar nan tasa, ya kama ƙofar.

"Sule, ni na ce ka bar ta a nan. Yanzu kuma ni nake ce maka ka fito. In ka zauna, nan zan tsaya tare da kai."

Sule ya dube shi, ya zare makullin ya sa a aljihu, ya fito.

Daga kan kwalta muka tsaya muna kallo har ruwa ya kai gilashin motar, yana ɗaga ta yana maka ta da dutse. Sama kuwa har lokacin fes take. A rayuwata ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji na Sule a wannan yammacin ba.

Washegari wajen hantsi ruwan ya janye kamar bai taɓa zuwa ba, mutane suna ta wucewa a ƙafa. Mai masaukinmu ya samo tarakta aka jawo ta. Bakanike ya duba ya girgiza kai. Yashi ya cika injin, gishiri ya shiga duk wayoyin, gefe ɗaya ya lotse. 'Yan gwangwan ne suka saye ta, abin da suka bayar ko kusurwar gonar ba zai fanso ba. A hanyar dawowa aka sa mutanen motarsa a wata motar haya, ni kuma na ce Sule ya zauna gaba kusa da ni, ya ƙi, ya wuce kujerar ƙarshe.

To samari, ga abin da na ɗauko daga bakin teku, ban da gorar ruwan gishiri. Duk inda kuka je kuka ga 'yan gari ba su ajiye abin hawansu a wuri ba, komai kyan wurin, kada ku ajiye naku. In mai tallan bakin hanya ya ce muku a'a, ku kashe mota ku tambaye shi dalili har sai kun gane. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma iliminka na gida iyakarsa gida.

Da muka dawo, Baba Tanimu da kansa ya je wurin wanda ya sayi gonar ya roƙe shi. Mutumin ya ce ya riga ya zuba taki, ya kuma yi wa ɗansa alkawarinta. Masu motoci kuwa ba wanda ya yarda ya ba Sule makulli, a tasha har an sa masa suna direban teku. Na ce ya zo mu riƙa karɓa-karɓa da tawa. Ya ce, "Habu, motarka gida ɗaya take ciyarwa, shi ma da ƙyar. Bar ni."

Da damina ta sauka aka shiga noman farko, wata rana na taso daga Makoda da lodi, sai na hango 'yan ƙwadago a gonar nan ta bakin titi. Sule yana cikinsu, a sunkuye da fartanya, yana nome wa wani gonar ubansa. Ban danna hon ba, ban rage gudu ba, na kafa idona a kan titi. Shi ma bai ɗago ba. Na ce a raina gara haka, bai gan ni ba.

Bayan la'asar muka haɗu a ƙofar masallaci, ƙafafunsa duk ƙasa. Muka gaisa. Har ya saɓa fartanyarsa zai wuce, sai ya juyo.

"Habu, ka duba fanbel ɗinka. Tun daga kwanar makaranta nake jin kukansa, ba zai kai ka Kano ba."

Na je na ɗaga kujerar da injin yake ƙarƙashinta na taɓa bel ɗin. Saura ƙiris ya tsinke. Na ɗago in yi masa godiya, ya riga ya yi nisa, ya bi ta tsakanin gonaki ya nufi gida.